Sadakar Tunkuza

Duk wanda ya ce maka kiyashi ƙaramin abu ne, to bai zauna Ɗan Isa ba a daminar da jan kiyashi ya sauka. Ba irin wanda muka saba da shi ba ne, ɗan baƙin nan mai bin kwanon zuma, wanda ake hurewa da baki. Wannan ja ne, kuma mugu ne na ƙarshe. In ya hau ƙafarka ba ya taɓa ka sai 'yan'uwansa sun taru, sannan su ɗana maka gaba ɗaya, ka ji kamar an watsa maka garwashi. Kashegari wurin ya feso da ƙuraje masu farin kai. Wasu sun ce a ƙasar dashen mangwaro ya zo, wanda aka kawo daga kudu cikin leda, wasu sun ce a motar katako. Ko ma ta ina ya shigo, bai yi sallama ba, kuma bai nuna alamar tafiya ba.

Kowa a garin ya gwada dabararsa. Mai tafasasshen ruwa ya zuba, mai kananzir ya zuba, mai toka ya barbaɗa. Yau ka ƙona gidansu a nan, jibi ka tarar sun tada wani tudun a gindin randa.

To mai lafiya ke nan, wanda in sun hau shi zai yi tsalle ya kakkaɓe, ya ɗura ashar in ba kowa kusa. Malam Sanda fa? Tun kafin azumi hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Mutumin da a da muryarsa ke kaiwa bakin fadama, yanzu abin da ke fita daga bakinsa da kyau bai wuce "a'a" ba, sauran sai matarsa Ladidi ta fassara. Kiyashi kuwa ba ruwansa da wannan. Ya hau gado, ya shiga riga, ya yi yadda ya ga dama, Malam na kwance hawaye na bin kunnensa.

Ladidi mai ƙuli ce, shekara talatin tana matsar man gyaɗa, kuma ba ta cikin matan da ke zama su yi tagumi. Ta jawo gadon daga jikin bango. Ta sa ƙafafunsa huɗu cikin gwangwanayen ruwa. Ta ɗage zanen gado don kada ya taɓa ƙasa. Duk da haka sai ta juya shi da safe ta ga sababbin ƙuraje a bayansa, don ko tsinke ɗaya ne ya faɗa cikin gwangwani, su gada suka samu.

Sai ta tuna abin da ta ga mahaifiyarta na yi in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gida. Ana ɗibar gero a kai bakin ramin tururuwa a zuba, sadaka ga bayin Allah marasa baki, da niyyar Allah ya ba maras lafiya sauƙi. Rami mafi kusa kuwa shi ne tudun jan kiyashin da ke bayan katangarta, gindin wata tsohuwar bishiyar ƙirya. Ta ce a ranta, su ma ai halittar Allah ne, wataƙila ma in sun ƙoshi a waje su ƙyale mata miji. Ta kai gero, suka zagaye shi suka wuce ko kallo bai ishe su ba. Abin ya dame ta. Washegari ta kai dunƙulen tunkuza, wato dusar gyaɗar da ke saura in an matse mai, ta marmasa musu. Kafin ta miƙe tsaye wurin ya yi ja wur. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, ta ce, "Alhamdu lillahi, an karɓa." Tun daga ranar kullum da hantsi sai ta kai, ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta so ladan ya ragu.

Wata biyu tana wannan hidima. Tudun ya yi girma har ya kai gwiwa.

Ran nan ɗansu na fari ya zo daga Ƙaura Namoda. Hashimu sunansa, amma Ladidi ba ta faɗin sunan ɗan fari, Dogo take ce masa, mu ma haka za mu ce. Tela ne, yana da ɗakunan siminti a can. Ya ɗaga rigar mahaifinsa, ya ga bayan nan ba masaka tsinke, ya saki rigar ya fito tsakar gida idonsa jajir.

"Inna, wanga ba zama ba ne. Cinye shi za su yi da ransa. Ƙaura zan tahi da shi."

Daga cikin ɗaki suka ji, "A'a! A'a!" har da buga hannun hagu a katakon gado.

"Ka ji dai," in ji Ladidi. "Nan aka haife shi, nan ubanshi ke kwance. Ka kai shi inda bai san kowa ba, ka aje shi a ɗaki yana kallon silin, wallahi baƙin ciki zai riga kiyashi kashe shi."

Dogo ba ya musu da uwarsa, amma kuma ba ya sauka daga magana. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ba da Juma'a uku. In ya dawo ya tarar da sabon ƙurji ko ɗaya ne a jikin Baba, zai ɗauke shi, ko da za a yi fushi da shi har abada. Ladidi ta san ɗanta, ta san zai aikata. Abin da ta yi bayan tafiyarsa shi ne ta ninka tunkuzar da take kaiwa.

Kwana huɗu da haka mai shela ya zaga gari: gwamnati ta turo malaman gona kan maganar kiyashi, kowa ya buɗe gidansa. Indo maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana taɓe baki. "Mi za su yi? Su fesa mana abu mai wari, su ɗauki hoto, su tahi." Ladidi ma haka ta zata.

Wadda ta shigo gidan ba ta zo da abin feshi ba. Wata 'yar siririyar mace ce, ba ta fi sa'ar autar Ladidi ba, da dogon hijabi da takalman roba har gwiwa, sunanta Malama Rahama. Mazan da suka zo tare suna gonaki da masallatai, ita ke shiga cikin gidaje. Ta gaishe da Ladidi har ƙasa, ta leƙa ta gaishe da Malam, ta daɗe tana duban hannunsa. Daga nan ta fito ta tsuguna a bakin ƙofa tana kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura.

"Ɗiyata, mi ya ɓace miki?"

"Hanyarsu nake nema, Inna. Ba a yaƙi da waɗanda ake gani, masu aike ne kawai. Uwarsu na can ƙarƙashin ƙasa tana zuba ƙwai. In ba ita aka samu ba, ko tafkin ruwan zafi aka juye, aikin banza ne."

Ta bi layin kiyashin a duƙe, ta gefen murhu, ta ƙarƙashin turmi, ta wata 'yar kafa a gindin katanga. Ta fita ta zagaya, Ladidi na biye da ita. Da suka iso gindin ƙirya Rahama ta tsaya cak.

"Kai! Na zaga Shinkafi, na zaga rabin Ƙaura, ban ga mai girman wannan ba."

Ta sa tsinke ta tona gefen tudun, ta ɗago wani ɗan ɓarɓashi ta shinshina. Ta dubi Ladidi, ta dubi hannuwanta masu sheƙin mai.

Kallon nan ne ya karya Ladidi. Ta faɗi komai, tun daga geron da suka ƙi har tunkuzar da ta ninka. Tana cikin faɗa tana jin maganar da kunnenta, kafin ta kai ƙarshe ta riga ta gane.

"Ke nan ni ke kiwonsu?" in ji ta. "Ni ke ba su ƙarfin da suke cin Malam da shi?"

Ta zauna daɓas a kan wani dutse. Kunya ta rufe ta, ga baƙin ciki, ga tsoro. In maganar nan ta shiga gari ta shiga uku: jikan Indo da ƙafarsa ta kumbura, 'yan tsakin da aka cinye, duk a kanta za a sauke. In kuma ta kai kunnen Dogo, ko Juma'a ɗaya ba zai jira ba.

Da wata ce, da ta yi mata wa'azi, ta ce jahilci ne ke kashe mu. Rahama tsugunawa ta yi a gabanta.

"Inna, kakata ma tana kai wa tururuwa gero. Niyyarki tana wurin Allah, ba ni da ta cewa a nan. Waɗannan dai baƙi ne, ba su san mutunci ba. Yanzu ki gaya mini, da wane lokaci kike kawo musu?"

"Da hantsi."

"Kullum? Wuri ɗaya?"

"Kullum."

"To kin yi mini rabin aikina. Ni sai in kwana uku ina neman inda za su karɓi abinci, ke kin koya musu wuri da lokaci."

Ta buɗe jakarta ta nuna mata maganin. Tsakin masara ne da aka jiƙa da mai, aka cuɗa da wani magani mai aiki a hankali. Ba ya kashe mai ɗauka nan take, sai ya kai gida ya ciyar da uwar. Ta barbaɗa kaɗan a bakin tudun don gwaji. Kiyashin suka fito, suka shinshina, suka juya abinsu.

Rahama ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Inna, kin ɓata su! Sun saba da man gyaɗa sabon matsa, ina za su ci namu na gwamnati?"

Ladidi na hawaye, sai ga ta tana dariya ita ma.

A nan gindin ƙirya suka ƙulla shawara. Kwana uku ba tunkuza, a bar su da yunwa. A rana ta huɗu Ladidi ta matso mai sabo, a ƙara a tsakin, ta kai da hannunta a lokacin da ta saba. Bayan nan kuma, in ji Rahama, sai abu mafi wuya: kada ta kashe ko ɗaya. Ba ruwan zafi, ba kananzir, ba shara a kan hanyarsu, har kwana goma.

"Ina kallo suna shiga ɗakin Malam?"

"Ki tsare gadon, ki bar musu hanya. Duk wanda kika kashe da tsaki a bakinsa, uwar kika ceta."

Da yamma a ƙofar mai gari, da aka tambayi Rahama me ta gano, cewa ta yi babban gidansu na bayan katangar Malam Sanda, daga nan za a fara, kuma dole gari ya sa magani rana ɗaya, in ba haka ba na gidan wani su cike gidan wani. Aka ce me ya sa na can ya fi girma? Ta ce gidan matsar man gyaɗa ne, su kuwa mai suke so. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ba. Indo ce ta kawo wa Ladidi labarin, har tana jajanta mata. Ladidi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Kwana ukun yunwar nan, kada Allah ya maimaita. Kiyashin da suka rasa abincin hantsi suka bazu cikin gida kamar an aiko su. Ladidi ta daina suya, ta kai kaskonta da buhun gyaɗa gidan Indo, ta tare a gefen gado da tsumma a hannu. Tana sauya ruwan gwangwani, tana tsince duk abin da ya faɗa ciki, tana juya Malam tana dubawa. A rana ta biyu ta kasa riƙe abin a cikinta. Ta zauna a bakin gadon ta gaya masa gaskiya, kanta a ƙasa, ta ce ya yafe mata. Malam ya daɗe yana kallonta. Can sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa, ta zabura ta zaci ciwon ne ya tashi. Ashe dariya yake yi, da rabin baki, har da ƙwalla.

"Au, dariya ma na ba ka? To Allah ya ba ka lafiya ka tashi, ka ga yadda zan rama."

A rana ta huɗu ta soya gyaɗa tun da sassafe, ta kai niƙa, ta matse mai mai ƙamshi kamar na amarya. Ba na gidanta kaɗai ta matsa ba. Da ta ji Rahama na cewa man nan zai ja su fiye da nasu, sai ta ce duk unguwar a yi da nata, kuma kada wanda ya yi mata maganar biya. Rahama ta sa safar hannu ta cuɗa a wani tsohon bokiti da ba za a ƙara cin abinci a ciki ba. Aka kulle kaji da awaki, aka zuba tsakin a ƙarƙashin fasassun tukwane don kada yara su kai hannu.

Ladidi ta ɗauki nata ta nufi gindin ƙirya. Ba za a ɓoye ba, hannunta ya yi nauyi. Wata biyu tana zuwa nan da addu'a a bakinta, yau ta zo da ajali. Ta tuna bayan Malam, ta yi bisimilla ta zuba. Kafin ta miƙe sun rufe shi, kowanne ya ɗauki ƙwaya ya yi cikin rami.

Rahama ta kwana biyu tana zagaya gidaje, sannan motarsu ta wuce Zurmi, don an ce abin ya ɓulla a Dauran. Ta ce za ta dawo dubawa in hanya ta yi kyau.

Sai jira. Kwana uku, ba abin da ya sauya. Indo ta fara cewa ai dama ta faɗa. A rana ta biyar Ladidi ta sauke tukunyar ruwan wankan Malam, yana tafasa, ta juyo sai ga layinsu shar daga gindin katanga har bakin ƙofarsa. Juma'a biyu sun wuce, saura ɗaya. Ga ruwa a hannunta, juyawa ɗaya ta gama da su. Ta tsaya tururi na dukan fuskarta, tana ce musu, "'Yan banza, matsiyata, marasa godiya." Ta zage su tas, har kakanninsu na kudu. Sannan ta ɗaga ƙafa ta tsallake layin, ta shiga da ruwan ta surka.

A rana ta bakwai layin ya sirance. A ta tara sai ɗai-ɗai, suna tafiya kamar masu zazzaɓi. Ta je gindin ƙirya ta caka tsinke a tudun, abin da a da zai sa su tuɗaɗo kamar tafasar kunu. Biyu suka fito, suka yi dawurwura, suka koma.

Ranar Juma'a bayan an sauko Dogo ya iso, kuma da motar haya ya zo, har da katifa shimfiɗe a baya. Ya gaida uwarsa a gajarce ya shiga ɗaki. Ladidi ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe labule. Ya ɗaga rigar, ya duba baya, ya duba hammata, ya duba tsakanin yatsun ƙafa, ya kunna fitilar waya ya sake bi tun daga wuya. Tabo ne birjik, baƙaƙe, busassu. Sabo ko ɗaya babu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya daɗe a can fiye da yadda dubawa ke bukata.

Ya fita waje. Ya dawo, ya sunkuya ya ciccibi mahaifinsa.

Malam ya fara ihu, "A'a! A'a!" Da suka zo ƙofa ya damƙi katakon da hannun hagu, ya riƙe gam, jijiyoyin hannun duk sun tashi. Ladidi ta sha gabansa.

"Dogo, ka ji tsoron Allah! Mi ka gani?"

"Inna, na sallami mota," in ji shi. "Baba, saki. Ƙofar gida za mu. Wata nawa rabonka da ganin rana?"

Sai da ya faɗa sau biyu kafin yatsun suka saki.

Katifar da aka kawo don tafiya ita aka shimfiɗa a inuwar zaure, a ƙasa, ba gwangwani ba komai. Aka jingina shi da bango. Masu dawowa daga masallaci suka fara tsayawa. Wannan ya ce, "A'a, Sanda, kai ne a waje?" Wancan ya tuɓe takalmi ya zauna. Kafin la'asar an kawo tabarma ta biyu, ana ta gardamar ko geron bana zai fi na bara, Malam na tsakiya yana ce wa kowa "a'a", ana dariya ana cewa halinsa na nan bai canza ba.

Ladidi na leƙe ta kafar ƙyaure, ta yi kuka mai isarta. Yarinyar nan Rahama ta faɗo mata a rai: ba ta san sunan ubanta ba, ba ta san unguwarsu ba, ko lambar wayarta ba ta karɓa ba. Ta ɗaga hannuwanta masu ƙanshin gyaɗa ta ce, "Ya Allah, kai ka san inda take. Yadda ta rufa mini asiri, ka rufa mata duniya da lahira. Ka tsare ta a hanyar Zurmi, ita da waɗanda suka aiko ta."

Tana cikin shafawa Dogo ya leƙo.

"Inna, akwai fura? Baba na nuna mini baki, kuma mutanen nan ba su da niyyar tashi."

"Su nawa ne?"

"Sun kai goma sha."

Ladidi ta share fuska da gefen zane. Furar da ke gidan ta mutum ɗaya ce, wata bakwai ke nan ta mutum ɗaya take damawa. Ta ɗauko babbar ƙwaryar da ke kife a kan rumbu, ta kakkaɓe ta, ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga.

"Indo! Kawo duk furar da ke gidanki, da nono. Malam ya yi baƙi."